Mazari Ya Ciji Cibiyar Tep

Duk wanda ya zauna a bencin Tham da yaro a gefensa, kafin kwanon taliyarsa ya iso sai ta yi masa tambaya ɗaya: "Ya iya ruwa?" In ya ce ya iya, ta ƙara wa yaron nama. In ya ce bai iya ba, ranar da faɗa zai haɗiye taliyar. Akwai waɗanda suka daina zuwa saboda haka, ita kuwa ko a jikinta. Mutanen layinmu suna cewa masifa ce ta yi mata yawa. Ni na san inda tambayar ta fito, kuma ban yarda da su ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Tham tana sayar da taliyar shinkafa da romo a bakin layinmu a Hong Ngu, ƙofarta tana kallon tawa. Ni ma'aikaci ne a ofishin unguwa, teburin rajistar haihuwa da mutuwa nawa ne, kuma shekara da shekaru a wurinta nake karya kumallo kafin in hau babur. Kawu Loi take ce mini. Gajeruwar mace ce mai ƙarfi, hannayenta duk tabon ƙunar romo, muryarta kuma tana kaiwa ƙarshen layi ba tare da ta ɗaga ta ba. Mijinta Kiet direban motar kifi ne, yana kai kaya Saigon, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Ɗansu ɗaya ne. A takarda yana da suna mai daɗi, ni da kaina na rubuta shi, amma kowa Tep yake ce masa.

An haifi Tham a wani ƙauye wajen Tam Nong, a gida mai dirkoki, inda ruwa yake zuwa har ƙarƙashin daɓe in damina ta yi nisa. Tana da ƙane, autansu, ana ce masa Ut kamar kowane auta. Ita take goya shi, ita take yi masa wanka.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wasan mazari, ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi a kan ruwa. A kamo shi, a ɗora a cibiyar yaro, in ya cije shi bai yi kuka ba, sai a ce masa yanzu ya iya ruwa. Manya sun san ƙarya ce. Suna yi ne don su ga yaro yana cije leɓe yana matse hawaye, su sha dariya. Ni ma an yi mini, amma washegari babana ya ɗora ni a kan kututturen ayaba ya riƙe ni a ruwa har na koya. Yawancinmu haka muka tsira, akwai wani babba da ya ƙarasa abin da wasan ya fara.

Ut bai sami wannan ba. Yana da shekara shida, ita tana da goma. An gama girbi, maza suna zaune a inuwar gida suna shan giyar shinkafa, sai wani kawunsu ya ce Tham ta kamo mazari, tunda ta fi kowa saurin hannu. Ta kamo. Ut ya ɗaga riga, ya runtse ido, bai yi kuka ba. Aka tafa masa, aka ba shi kan gasasshen kifi, aka ce yau ya zama namiji. Washegari da rana tsaka, kowa yana barci, ya sauka bakin rafi shi kaɗai. Da yamma aka same shi a cikin kainuwa.

Abin da Tham ba ta yafe ba har yau shi ne maganar da aka yi bayan nan. Cikin waɗanda suka tafa babu wanda ya ce mu muka gaya masa. Cewa aka yi mai ruwa, aljanin rafin, ne ya kira shi, lokacinsa ne ya yi. Aka je wurin mai duba, ya ce ruwa ya sa wa gidan ido, sai aka hana sauran yaran kusantar rafi. Haka ta girma a ƙasar da ake zuwa kasuwa a kwale-kwale ba ta iya ruwa ba. In muka hau jirgin fito, tsakiya take tsayawa ta damƙe babur da hannu biyu, ba ta kallon gefe.

A shekarar da nake magana Tep yana da shekara tara. Da Sabuwar Shekara surukar Tham, Iya Sau, ta kai wa mai duba ranakun haihuwar 'yan gida kamar yadda ta saba. Mai duba ya ce bana akwai haɗarin ruwa a kan yaron. Tep kuwa ɗan fari ne na ɗan fari, shi zai gaji teburin magabata, shi zai riƙa kunna musu turare in kowa ya shuɗe. Tsohuwa ta ɗaura masa jan zare da laya a wuyan hannu, ta kafa doka: ba kogi, ba rafi, ko wankan ruwan sama ban da shi.

Da dogon hutu ya matso, maganar inda za a kai shi ta taso. Tham tana kan tukunya tun asuba, Kiet yana hanya, hutun bara kuwa yaron a kan waya ya ƙarar da shi har idonsa ya yi ja. Aka yarda bana sai sansanin hutu na yara. Daga sansanin kuma, kamar kullum, zai wuce ƙauye wurin kakarsa ya zauna har ranar tunawa da mutuwar kakansa, lokacin da ruwa yake fara hawa. Kiet yana son irin na soja. Iya Sau ta ce gidan ibada na kan dutse, can wajen Chau Doc, domin a kan dutse babu ruwa. Matan layi kuma suka ce ai yanzu kowa na Turanci yake kai ɗansa.

"Kawu, ka raka ni mu gani da ido," in ji Tham. "Kai ka iya tambaya, ni zagi kawai na iya."

Muka riƙa tafiya ran Lahadi in ta tashi daga kasuwa. Na shirya tambayoyina a kan abinci da wurin kwana da wanda yake duba yaro in ya yi zazzaɓi. Ban cika samun damar yin su ba.

Na Turanci yana Can Tho, a wani masauki mai furanni da tafkin wanka shuɗi a tsakiya. Wata budurwa mai kwalliya ta tarye mu.

"Yaya, in ya dawo ba za ki gane bakinsa ba, kamar ɗan Turawa."

"Wannan ruwan fa?"

"Ranar ƙarshe muke barinsu su shiga, da roba a hannu, a yi musu hoto."

"In ɗaya ya nutse wa zai shiga?"

"Ai ba zurfi, Yaya."

"Ke kin iya?"

Yarinyar ta yi dariya ta dubi farcenta.

"To in ya faɗa kogi sai ya yi ihu da Turanci ke nan," in ji Tham. Ta ɗauki hular babur ta fita.

A na soja wani mai tumbi da usur a wuya ya yi mana bayani da ƙarfi kamar mun kurmance. Yara suna tashi da asuba, suna fareti, suna koyon ninke bargo ya yi kusurwa huɗu, a ƙarshe kuma su rubuta wa iyaye wasiƙar neman gafara, kowa ya yi kuka. Tham ta tambaye shi batun koyon ruwa. Ya ce su tarbiyya suke koyarwa.

"Bargo?" ta ce mini a kan hanya. "Da ludayin nan zan koya masa ninke bargo, ba sai na kai shi wurin wannan tulun ba."

Gidan ibadar kan dutse ya fi kwanta mata. Tsohon malamin wurin bai yi mata daɗin baki ba. Ya ce suna koya wa yara zama shiru da cin abinci ba ɓarna da girmama iyaye, ruwa kam ba su koyarwa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Muna fita ta zagaya baya, sai ga tafkin bado, ba shinge, an kafa gora a tsakiya don auna zurfi, kuma ruwan ya wuce tsayina. Ta nuna mini da haɓa.

"A kan dutse babu ruwa, in ji surukata."

Na ƙarshe ba shi da takardar talla. Wani mai kawo mata ganye ne ya ba ta labarinsa. Makarantar firamare ce a bakin rafi, ba nisa da gari. Yara suna kwana a aji cikin gidan sauro, suna cin shinkafa da kifi, yawancinsu 'ya'yan manoma da masunta ne. Mai wurin, Malam Hoan, tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, baƙi ƙirin saboda rana. A cikin rafin ya kafa wani babban keji na gora, an ɗaure raga a gefe da ƙasa, yadda yaro zai ji ainihin ruwan rafi da sanyinsa da jansa, amma ba zai wuce ragar ba.

"Yaushe kake sallamar yaro?" in ji Tham.

"In ya ƙetare rafin ya dawo, a wajen keji, da rigarsa a jiki."

"Me ya sa da riga?"

"Wa kika taɓa gani ya tuɓe kafin ya faɗa?"

Ta daɗe tana kallon ragar.

Da ta gaya wa Kiet ta waya, amsarsa ɗaya ce: Mama ta hana. Dole in faɗi gaskiya a nan, domin masu cewa Tham ba ta ganin kowa da gashi ba su san ta ba. Tun aurenta ba ta taɓa musa wa surukarta ba. Ita ce matar babban ɗa, ita take riƙe da tukunyar ranar tunawa, tun jajibiri take tafiya ƙauye ta yi girkin da dangi suke magana a kai har shekara ta zagayo. Ta yi kwanaki tana juya abin, har ta ce mini wataƙila ta haƙura da na kan dutsen, ta roƙi tsohon malamin ya sa ido a kan tafkin, baɗi kuma in shekarar haɗarin ta wuce a koya masa ruwan.

Aka rufe makaranta, Kiet ya kai yaron ƙauye ya gaida kakarsa, ya dawo da shi ya wuce Saigon. Ran Lahadi da safe ina zaune da kwanona, Tep ya fito da gudu ya tsaya a gabana ya ɗaga riga.

"Kaka Loi, duba!"

Cibiyarsa ta yi ja, ga ɗan tabo.

"Baffa Sang ne ya kamo mini mazari. Babba! Ban yi kuka ba ko kaɗan. Yanzu na iya ruwa. In na koma zan nuna wa su Kaka."

Na ji ludayi ya bugi bakin tukunya. Tham ta zagayo, ta durƙusa, ta dubi cibiyar. Ba ta daka masa tsawa ba, ba ta taɓa shi ba. Ta miƙe ta kashe wuta, ta ce wa masu jira su ɗebi abin da ya rage su tafi. Ban taɓa ganin ta rufe da safe ba. Ta miƙa yaron ga matata, ta ce kada ya leƙa ko ƙofa.

"Kawu, tayar da babur. In na tuƙa yau sai na kashe wani."

Gidan Iya Sau rafi ne a gabansa, tafkin kifi a bayansa, kuma gadar da ake shiga ta gora ɗaya ce da abin riƙewa. Sang, ƙanen Kiet, yana kwance a ragar lilo yana danna waya.

"A'a, Yaya Tham! Yau ba kasuwa? Ko romon ne ya ƙone?"

"Taso."

"Lafiya?"

"Wa ya sa wa ɗana mazari?"

Ya yi dariya. Ni da nake tsaye a baya na ji kamar in kwaɗa masa hular babur.

"Haba Yaya, wasa ne fa. Ke ba a yi miki ba?"

"Ka gaya masa wasa ne?"

"Ai ya sani."

"Bai sani ba. Yana can yana nuna wa mutane ciki, yana jiran ya dawo ya faɗa rafin nan don ya burge ku. Ƙato da kai, da gemu da 'ya, abin dariyarka ke nan? Ranar da zai shiga kana ina? Kana nan a kwance kamar kifin da aka shanya."

"Wace ce take ɗaga murya a gaban teburin mijina?"

Iya Sau ce ta fito daga ciki, tana ɗaure gashi. Tham ta sunkuyar da kai ta gaishe ta, ta gaya mata abin da ya faru. Tsohuwa ta harari Sang, ta ce masa sakarai, sannan ta juyo.

"Na ji. Zan ja masa kunne. Yaro kuwa na hana shi ruwa, na ɗaura masa zare. Me ya rage?"

"Mama, ina za ki ɓoye shi? Gabanki ruwa, bayanki ruwa, makewayinku ma a kan ruwa yake. Ke ba ki barcin rana?"

"Mai duba ya ce bana kada ya kusanci ruwa. Baɗi ki kai shi duk inda kike so."

"Da safe ni ma haka na ce. Amma yanzu yaron ya yarda ya iya, ba zai jira baɗi ba. Hani kuwa, Mama, ni ma an hana ni. Ga ni nan na kusa arba'in, in Tep ya faɗa a gabana sai dai in tsaya a baki in yi ihu. Abin da hani ya yi mini ke nan."

"Ƙanenki lokacinsa ne ya yi."

"Ba lokacinsa ba ne! Ƙarya aka yi masa, ni na kamo ƙwaron da hannuna, manya suna tafi!"

Har matar Sang ta leƙo daga kicin da 'yarta a hannu. Iya Sau ta zauna a bakin gado. Tsoro na gani a fuskarta, ba mugunta ba, amma abin da ya fito daga bakinta bai yi daɗi ba.

"In kika kai shi ruwa ya tafi a hannun malamin naki, wa zai kunna wa ubansa turare? Ke ce za ki haifo wani, da shekarunki?"

Tsohuwa ta nuna Tham da yatsa, ta ci gaba.

"To ki ji. In kika tsoma jikana a rafi bana, kada hannunki ya sake taɓa tukunyar ranar mijina."

Wanda ya san gidajenmu ya san nauyin wannan. Matar babban ɗa ta zauna a waje da baƙi, ƙanana suna girki, dangi duka suna gani. Tham ta je gaban teburin magabata, ta kunna turare, ta sunkuya, ta kafa shi. Sannan ta ce, "Na ji, Mama," ta fito.

Kiet ya kira ya yi ta faɗa, har ta ajiye wayar a kan teburi ta ci gaba da yanka albasa. Da ya gaji ta ɗauka.

"Baban Tep, ka gama? Kai ka iya ruwa, ƙanenka ya iya, babanku ne ya koya muku. Ɗanka kaɗai za a bari da zare a hannu? In kana da lokaci ka zo ka koya masa da kanka. In ba ka da shi, ka tuƙa motarka."

Bai zo ba, bai kuma sake hanawa ba.

Ranar da aka buɗe sansanin na raka su. Malam Hoan ya jera sababbin yara a bakin keji, shi yana cikin ruwa, ya tambaya wa ya iya. Tep ya ɗaga hannu har yana ɗage. Tham ta buɗe baki, malamin ya girgiza mata kai.

"Wa ya koya maka, jarumi?"

"Mazari."

Wasu yara biyu suka ce su ma. Malamin bai yi dariya ba, da alama ya sha jin wannan.

"To shigo mu gani."

Tep ya waiwayo ya dubi uwarsa yana murmushi, ya ja baya, ya yi tsalle. Ruwa ya rufe kansa. Hannu ya fito, ya koma. Na ji farcen Tham ya shige damtsena. Malamin yana dab da shi, ya bar shi ya sha ruwa kaɗan, sannan ya sa hannu ɗaya ya cafko shi ya ɗora a kan gora. Yaron yana tari, majina da hawaye, yana ihu.

"Ya cije ni fa! Ban yi kuka ba! Baffa ya ce na iya!"

"Baffanka maƙaryaci ne," in ji malamin. "Riƙe goran nan, buga ƙafa. Ku biyun can, har yanzu kun iya?"

Tham ta sake ni, ta zagaya bayan aji. Na ba ta lokaci kafin na bi ta. Tana tsaye ta dafa bango.

"Haka ya shiga, Kawu. Haka Ut ya shiga, da murnarsa. Kuma ba kowa a cikin ruwan."

Labari ya isa ƙauye kafin mu isa gida. Na zaci tsohuwa za ta sauko. Sai muka ji ta ce ai ga shi nan, mai duba bai yi ƙarya ba, ruwa ya ja yaron, zaren ne ya riƙe shi. Ta kama kaza ta kai wa mai duba godiya. Malam Hoan da ya sa hannu ya ciro shi, ko gaisuwa ba a aika masa ba.

Tep bai yi saurin koyo ba. Tsoro ya kama shi bayan ranar farko, aka sallami 'yan rukuninsa yana nan, ya shiga rukuni na biyu. Tham ba ta roƙi a sassauta masa ba. Ta riƙa zuwa da yamma ta zauna nesa da baki, ta kai wa yaran romo a babbar tukunya. Ranar da ya ƙetare da riga da wando, ya taɓa wancan gefen ya juyo, ta tashi tsaye har ya fito, sannan ta ce masa ya je ya canja kaya kada mura ta kama shi.

Ranar tunawa ta zo, ruwa ya hau har ya shafi matakalar gidan. Kiet ya gayyace ni, ina jin don a sami baƙo a tsakani. Tham ta zo da kayan marmari, ta gaida kowa, ta zauna a waje. Daga kicin ana jin matar Sang tana ƙone albasa. Naman ya yi tauri, miyar gishiri ya yi mata yawa, dattawa suna ci suna satar kallon Tham, ita kuwa ta ci nata tas.

Bayan an ci, maza sun fara sha, sai na ga Sang ya taso daga bakin ruwa da wani abu a tsakanin yatsu, yana kiran 'yarsa mai shekara biyar.

"Zo nan, 'yar Baba, ɗaga riga."

"Ƙarya ne!" Tep ne ya faɗa daga kan matakala. "Kada ki yarda. Ni ya cije ni na nutse."

"Kai, rufe mana baki," in ji Sang, yana kallon abokan shansa. "Na sa maka mazari, yau ga shi ka iya ruwa. Ƙaryar tana ina?"

Aka fashe da dariya. Manya ne, masu furfura a cikinsu, wasu ma da kaina na rubuta musu takardar mutuwar 'ya'yan danginsu. Suka yi dariya.

Tham ta tashi. Ta kama hannun Sang ta murɗe har ya buɗe yatsu, ƙwaron ya tashi. Ta ɗauki kofin giyarsa ta watsa a rafi. Ta ɗauki yarinyar ta miƙa wa uwarta.

"In an buɗe rukuni na gaba ki kawo ta gidana, ni zan kai ta. In mijinki ya hana, ki turo mini shi."

Ta juya ga ɗanta. "Tep, nuna wa kakarka."

Yaron ya faɗa ruwa yadda yake, da rigar biki. Iya Sau ta kurma ihu, ta riƙe dirka, tana kiran sunan mijinta. Tep ya yanka rafin a hankali, kai a sama, ya ratsa kainuwa, ya taɓa kwale-kwalen maƙwabta, ya juyo. Da ya hau matakala tsohuwa ta rungume shi tana kuka, tana shafa shi ko'ina. Sannan ta kamo wuyan hannunsa ta duba. Zaren yana nan. Ta ɗaga shi ta nuna wa mutane.

Iya Sau ba ta janye maganarta ba. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, Tham a waje take zama ranar tunawa, dangi suna cin nama mai tauri. Tep yana zuwa ƙauye duk hutu, uwarsa ba ta hana shi. Na taɓa tambayarta ko ba za ta je ta ba tsohuwa haƙuri ba, ko don idon mutane.

"Haƙurin me? Ta riƙe tukunyarta, ni ɗana yana nan."

A daminar da Tep ya koyi ruwa, an kawo mini takardun mutuwar yara daga unguwarmu, na rubuta nutsewa a gurbin dalili, na buga hatimi. Wani uba da ya zo karɓar tasa ya tsaya a gaban teburina ya ce mini mai ruwa ne ya kira ɗansa. Aikina ba ya ba ni damar in amsa masa, sai na miƙa masa takardar.

Jiya da safe wani baƙo ya zauna kusa da ni da 'yarsa, ya ce a ba su kwano biyu. Tham ta ɗebo taliya ta tsoma a ruwan zafi, ta dubi yarinyar.

"Ta iya ruwa?"

"Ai ƙarama ce, Yaya."

Ta ajiye ludayin. Ni kuwa na ja kwanona gefe.